Kyamarar ɗaukar hoton karen farauta a daji

Ɗaukar hoton karen farauta yana bakin aikinsa reshe ne na hoton dabbobi da ke buƙatar kayan aiki irin na masu ɗaukar hoton wasanni, domin karen ba ya tsayawa a inda aka so, kuma galibi ana fita farauta da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ya yi rauni. Abin da ya fi muhimmanci wajen zaɓen kyamarar shi ne saurin da take kama fokas, wato saita lensi don abin da ake ɗauka ya fito tar, ta riƙe shi a kan dabba mai gudu, sai lensin da aka ɗaura mata. Yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigogin da ke haɗa hoto, wanda masu shago suka fi tallatawa, yana can baya, tun da 20 zuwa 24 sun ishi hoton da za a buga babba a rataya a bango.

Irin aikin karen ne ke nuna irin kyamarar da ake buƙata. Karnukan da ake kira Pointer da Setter a Turai da Amurka sukan sandare wuri ɗaya idan sun sunsuno tsuntsu, kuma kusan kowace kyamara za ta iya ɗaukar wannan tsayuwa. Labrador, wanda aikinsa ɗauko agwagwar da aka harbo, yakan taho kai tsaye wajen mai hoto, abin da ya fi komai wahalar da fokas. Karnukan da ke farauta da ido kuwa, irin su Greyhound da Azawakh na yankin Sahel a Nijar da Mali da Burkina Faso, gudu ne makaminsu, haka ma karnukan da mafarautan ƙasar Hausa ke saki a kan zomo da rani.

Saurin ƙyauren kyamara, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, shi ne abu na farko da ake lissafawa. Greyhound yana kai wajen kilomita 70 a awa, kimanin mita 19 ke nan a daƙiƙa guda. Idan ƙyauren ya buɗe na 1/250 na daƙiƙa, karen ya riga ya matsa kusan santimita 8 kafin ya rufe, sai hoton ya fito a dame. A 1/2000 kuwa motsin bai wuce santimita ɗaya ba. Shi ya sa ake ɗaukar 1/1000 a matsayin mafi ƙanƙanta ga kare mai gudu. Irin wannan sauri yana cin haske, don haka dole a ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 1600 ko 3200 ko fiye da haka da asuba, kuma a nan ne babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta fi ta wayar hannu nesa ba kusa ba, saboda hotonta ba ya yin yashi-yashi da wuri.

Maganar fokas ta fi wannan zurfi. Lensi mai milimita 200 da aka buɗe ƙofar haskensa sosai, wato a f/2.8, idan karen yana nisan mita 10, wurin da ke fitowa tar bai kai rabin mita ba, kuma kare mai tahowa a guje yana ƙetare wannan tazara kafin ƙiftawar ido. Kyamara dole ta riƙa hasashen inda zai kasance a lokacin da ƙyauren zai buɗe. Tsofaffin kyamarori masu madubi, waɗanda ake kira DSLR, suna yin haka da ɗigogin fokas da mai hoto ke ɗorawa a kan dabbar da hannunsa: Canon 7D Mark II ta 2014 tana da 65, Nikon D500 ta 2016 tana da 153, kuma kowacce tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa. Marasa madubi sun sauya lamarin. A 2019 Sony ta ƙara wa a7 III da a7R III fasahar gane idon dabba ta hanyar sabunta manhaja, sannan Canon EOS R5 ta 2020 ta zo tana gane karnuka da kyanwoyi da tsuntsaye. Amfanin wannan a daji shi ne kyamarar ba ta cika barin karen ta kama ciyawar da ke gabansa ba, ko da yake har yanzu baƙin kare a cikin inuwa yakan rikita ta, domin idonsa yana sajewa da gashinsa. Wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya raina D500 ta hannu. A hannun wanda ya ƙware tana yin aikin da sababbi da yawa ba sa yi.

Yawan hotuna a jere yana da amfani saboda a gudun kare akwai ɗan lokacin da ƙafafu huɗu ke tashi daga ƙasa, kuma yatsan mutum ba ya iya cafke shi da gangan. Hoto 10 a daƙiƙa ya wadatar. Ƙyauren lantarki, wanda sensa ke yin aikinsa ba tare da wani abu ya motsa ba, yana kai 20 ko fiye ba tare da ƙara ba, amma a sensar da ke karanta hoto a hankali yakan karkatar da itatuwan da ke baya idan ana bin karen da kyamara.

Lensin da aka fi dogara da shi shi ne mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 200. Mai f/2.8 na zamanin DSLR yana da nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, mai f/4 kuwa kusan rabin haka, kuma wanda zai yini yana bin mafarauta a ƙafa zai ji bambancin a wuyansa. Sensar APS-C, wato matsakaiciyar sensa irin ta D500, tana ƙara kusanto da abu da kusan ninki 1.5, ta yadda milimita 200 ke ba da ganin 300, abin da ke taimakawa a fili mai faɗi inda karen ke yin nisa.

Ƙura da ruwa su ne abokan gabar kayan. Kyamara da lensin da aka toshe gaɓoɓinsu da roba sun fi jure raɓa da yayyafi da hazon hunturu, kuma kyamarar OM-1 ta 2022 tana da shaidar IP53, ma'aunin jure ƙura da ruwa, a kan haka. Ba a canza lensi a cikin iska mai ƙura, saboda a marasa madubi da yawa sensar tana nan a buɗe da zarar an cire shi. Marasa madubi kuma sun fi DSLR shan batir, don haka ana tafiya da na biyu a aljihu. Allon da ke lanƙwasuwa yana ba mai hoto damar sauke kyamara daidai tsayin idon karen ba sai ya kwanta a kan ƙaya ba, kuma inda ake farauta da bindiga, wurin tsayuwarsa shi ne bayan masu harbi.