Kalmomin Latin a Waƙar Firjil: Tambayoyi da Amsoshi

Wace waƙa ce wannan, kuma me ya sa kalmominta suke buƙatar bayani na musamman?

Waƙar ita ce *Aeneis*, wadda mawaƙin Rumawa Publius Vergilius Maro, da aka fi sani da Firjil, ya tsara cikin harshen Latin. An haife shi a shekara ta 70 kafin Miladiyya kusa da Mantuwa a arewacin Italiya, ya rasu a shekara ta 19 kafin Miladiyya, bayan ya shafe kusan shekara goma yana aikin waƙar ba tare da ya yi mata gyaran ƙarshe ba. Sarki Augustas ne ya sa abokan mawaƙin biyu, Varius da Tucca, suka fitar da ita. Tana da littattafai 12 da ɗango kusan 9,900, tana kuwa ba da labarin Iniyas, wanda ya tsira daga rushewar birnin Taroy, ya yi ta gararamba a teku, har ya isa Italiya inda zuriyarsa za ta kafa Rum.

Ɗalibin da ya koyi Latin daga rubutun zube na Sisero ko Yuliyas Kaisar yakan yi tuntuɓe tun a ɗangon farko. Waƙar ta buɗe da *arma virumque cano*, wato "makamai da namiji nake waƙewa". Ƙamus zai ce *arma* makamai ne, amma a nan yaƙi ake nufi, kuma da waɗannan kalmomi biyu mawaƙin yana nuni ga waƙoƙin Homa na Girkanci guda biyu, ta yaƙin Taroy da ta tafiye-tafiyen Odisiyas, wadda ita ma da kalmar "namiji" ta fara. A ɗango na 177 na littafin farko kuwa, *arma* ɗin nan ta koma kayan aikin niƙa hatsi da toya gurasa. Ƙamus iyakar gonar kalma yake nunawa, amma inda ta tsaya a cikin gonar sai ɗangon da take ciki ya faɗa.

Gaskiya ne akwai kalmomin da ba za su iya shiga waƙar ba ko da mawaƙin yana so?

Gaskiya ne, kuma karin waƙar ne ya jawo haka. Babu amsa-amo a cikinta, an gina ta ne a kan nauyin gaɓa, abin da mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya riga ya sani daga ilimin arulla. Kowane ɗango yana da ƙafa shida, kuma kowace daga cikin biyar na farko ko dai gaɓa mai nauyi ce da marasa nauyi biyu, ko kuwa masu nauyi biyu, ta ƙarshe kuma gaɓa biyu ce kawai. Saboda haka duk kalmar da take da gaɓa marar nauyi guda ɗaya tak a tsakanin masu nauyi biyu ba ta da mazauni a ɗangon.

Kalmar *imperator*, wato sarkin yaƙi, tana cikin waɗanda wannan doka ta kora, alhali waƙar cike take da sarakunan yaƙi. Ennius, wanda ya rayu daga 239 zuwa 169 kafin Miladiyya kuma ya fara tsara babbar waƙar Latin da wannan kari na Girkawa, ya warware matsalar da siga mai kama da ta dā, *induperator*. Firjil ya fi amfani da *dux* da *ductor*, wato jagora. Haka jam'in bishiya, *arbores*, ba ya shiga, shi ya sa mawaƙa suke cewa *arbusta*. Har sunan shahararren gidan Scipio bai tsira ba, domin a littafi na 6 sai da aka ba shi sigar Girkanci, *Scipiadas*. Wanda bai san wannan larura ta waƙa ba zai ɓata lokaci yana neman wata ɓoyayyiyar ma'ana a inda awo ne kawai ya yi aiki.

Me ya sa teku da takobi da jirgi suke da sunaye barkatai?

Awo yana da hannu a ciki, domin mawaƙi yana buƙatar kalmomi masu tsawo daban-daban ga abu guda, amma akwai kuma batun darajar kalma. Takobin da sojan Rum yake rataye da shi *gladius* ake ce masa, sai dai Firjil bai kawo wannan kalma ba sai sau ƙalilan, ya fi son *ensis*, wadda kusan a waƙa kaɗai ake jin ta, ko *ferrum*, wato ƙarfe. Jirgin ruwa *navis* ne, amma sau da yawa akan kira shi da sunan wani sashensa, kamar *puppis*, bayan jirgi, ko *carina*, ƙashin gindinsa. Hatsi yakan zama *Ceres*, giyar inabi kuma *Bacchus*, da sunayen allolin da Rumawa suke danganta su da su.

Sunayen teku sun fi cancantar a tsaya a kansu, saboda ba duka ɗaya suke ba. *Mare* ita ce ta yau da kullum. *Pontus* da *pelagus* aro ne daga Girkanci, suna ɗauke da kwarjinin tsohuwar waƙa. *Aequor* ta fito daga *aequus*, wato abin da yake daidai wa daida, don haka shimfiɗaɗɗiyar fuskar ruwa take nufi, har ma akan yi amfani da ita ga fili. *Altum* kuwa daga *altus* take, sifar da take nufin tsayi sama da zurfi ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa a ɗango na 3 take nufin tsakiyar teku, a ɗango na 7 kuma take siffanta birnin Rum mai tsawo da ɗaukaka.

Mece ce *pietas*, kuma me ya sa fassara ta take da wuya haka?

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi a waƙar. Laƙabin Iniyas shi ne *pius*, har shi da kansa yana gabatar da kansa da cewa *sum pius Aeneas* a littafi na 1, ɗango na 378. Wanda ya fassara ta da "mai tsoron Allah" ya kama ɓangare ya bar saura, haka wanda ya ce "mai biyayya ga iyaye" ko "mai kishin ƙasa". A wurin Barume, *pietas* ita ce sauke haƙƙin da yake wuyan mutum ga alloli da iyaye da 'ya'ya da ƙasa, kuma aiki ake dubawa fiye da abin da yake cikin zuciya. Hotonta mafi shahara yana ƙarshen littafi na 2, inda Iniyas ya fita daga Taroy yana ɗauke da tsohonsa Ankisis a kafaɗa, yana riƙe da hannun ɗansa, tsohon kuma yana rungume da gumakan gida.

Haƙƙin kuwa ba ta hanya ɗaya yake tafiya ba. Lokacin da aka kashe ɗan Firyam, sarkin Taroy, a gabansa, tsohon ya yi kira ga alloli su saka wa wanda ya yi kisan idan har akwai *pietas* a sama, wato su ma akwai abin da ake bin su. A littafi na 10 an ba wa abokin gaba kalmar, saurayi Lausus, wanda ya mutu yana kare mahaifinsa, kuma Iniyas da ya kashe shi ya ji tausayinsa saboda ya ga hoton nasa halin a jikinsa.

Inda kalmar ta fi ciwo shi ne littafi na 4. Dido, sarauniyar Kartej, wadda kufanta yake ƙasar Tunisiya ta yau, ta kamu da son Iniyas, ta gama zazzaga masa baƙin cikinta a kan shirin tafiyarsa, sai mawaƙin ya ɗora da *at pius Aeneas* a ɗango na 393, ya ce duk da yana son ya lallashe ta, umarnin alloli ya bi ya koma wurin jiragensa. A ganina da gangan aka ajiye laƙabin a daidai wannan wuri, domin mai karatu ya ga cewa sauke wani haƙƙin yakan karya zuciyar wani. Kalmar tana da nauyin siyasa ma, tunda a shekara ta 27 kafin Miladiyya majalisar dattawan Rum ta karrama Augustas da garkuwar zinariya mai ɗauke da halaye huɗu, *pietas* tana cikinsu.

Ko *fatum* daidai take da ƙaddara?

Ta yi kusa, sai dai tushenta magana ce. Ta fito daga aikatau *fari*, wato furtawa, don haka *fatum* abin da aka riga aka faɗa ne. Daga tushen nan aka sami *fama*, jita-jita ko suna, da *infans*, jaririn da bai fara magana ba, da *infandum*, abin da baki ba ya iya faɗa, kalmar da Iniyas ya fara labarin faɗuwar Taroy da ita.

Akwai inda sauyin kalma ɗaya yake ɗauke da labari?

Akwai, kuma a bakin Dido yake. A ɗango na 323 na littafi na 4 ta kira Iniyas *hospes*, wato baƙo, ta ƙara da cewa wannan ne kaɗai sunan da ya rage daga sunan miji. Bayan ɗango ɗari, tana aiken 'yar'uwarta Anna wurinsa, ta kira shi *hostis*, abokin gaba. Kalmomin biyu dangin juna ne, kuma Sisero ya rubuta cewa a wurin magabata *hostis* baƙon da ya zo daga wata ƙasa take nufi kafin ta koma maƙiyi. Mai sauraro Barume, da ya san yaƙe-yaƙe uku da Rum ta gwabza da Kartej har ta rushe ta a shekara ta 146 kafin Miladiyya, ba zai ji wannan sauyi a matsayin rigimar masoya kawai ba.

Me ya sa masana suke yawan magana a kan *condere* da *furor*?

Saboda su biyun suna haɗa farkon waƙar da ƙarshenta. *Condere* asalinta ajiye abu wuri ɗaya, daga nan ta faɗaɗa zuwa kafa gari, da adana kaya, da binne mamaci, da ɓoye abu. A ɗango na 5 an ce Iniyas ya sha wahala *dum conderet urbem*, har ya kafa birni, a ɗango na 33 kuma an sake kawo ta a kan kafa al'ummar Rumawa. *Furor* kuwa haukan fushi ne, kuma a littafin farko Jupita, babban allan Rumawa, ya yi alkawarin zamanin da za a ɗaure shi da sarƙa a rufe ƙofofin yaƙi, ya siffanta shi da *impius*, kishiyar *pius*.

A ƙarshen littafi na 12, Turnus, babban abokin gabar Iniyas a Italiya, ya faɗi da rauni, ya miƙa hannu yana roƙo, yana tuna wa Iniyas da darajar uba. Iniyas ya dakata, har maganar ta fara shigarsa, sai ya hango a kafaɗar Turnus ɗamarar Pallas, saurayin da aka ba shi amana kuma Turnus ya kashe. Mawaƙin ya ce ya kama da wutar fushi, *furiis accensus*, sannan ya zo da *ferrum adverso sub pectore condit*, ya binne ƙarfe a ƙirjin abokin karonsa. Aikataun da ya kafa birni a farko shi ne ya soke mutum a ƙarshe. Wasu suna ganin wannan kisa shi ne tubalin farko na Rum, wasu suna ganin mawaƙin yana nuna jinin da aka gina ta a kansa. Na fi karkata ga cewa Firjil ya bar ma'anonin biyu tsaye, domin ya san abin da Ankisis ya faɗa a littafi na 6, cewa aikin Barume shi ne ya yi sassauci ga wanda ya sallama kuma ya murƙushe mai girman kai, Turnus kuwa a wannan lokaci ya shiga duka biyun.

Ta yaya aka san waɗannan ma'anoni, tunda babu sauran masu jin Latin tun daga nono?

Babbar hanya ita ce tattara duk wuraren da kalma ta fito, a waƙar da wajenta, a kwatanta su. Bayan haka akwai shaidar Rumawan da suka karanta waƙar da kansu. Kwintiliyan, malamin balaga na ƙarni na 1, ya yaba wa Firjil a kan tsofaffin kalmomi irin su *olli* a madadin *illi*, yana ganin suna ƙara wa magana kwarjini. Servius kuma, wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya rubuta sharhi ɗango bayan ɗango. Shi ne ya bayyana cewa a cikin *auri sacra fames* na littafi na 3, *sacra* ba tsarki take nufi ba, la'ana ce, wato la'anannen kwaɗayin zinariya, domin abin da aka keɓe wa alloli yana iya zama abin da aka sallama musu don halaka. Sai dai tsakaninsa da mawaƙin akwai shekara wajen 400, kuma yana da ra'ayinsa, kamar yadda ya ce a kan kisan Turnus cewa dakatawar Iniyas da kisan duka alamun *pietas* ne. Lactantius, marubuci Kirista na farkon ƙarni na 4, ya karanta wannan ɗabi'a ta Iniyas a fagen yaƙi ya ƙi yarda cewa mai aikata haka ya cancanci a kira shi *pius*.