Awon zafi da ingancin ƙarfe a ƙira

Awon ƙira shi ne hanyoyin da ake bi a san zafin ƙarfe lokacin da ake bugunsa, da ƙarfin bugun da ya sha, da kuma ko abin da aka ƙera ya fito yadda ake so. A maƙerun Maradi da Tibiri da ƙauyukan kewaye, ido da kunne da hannun maƙeri ne ke wannan aiki. A manyan masana'antu kuwa na'urori ne ke aunawa, su tura lambobi ga kwamfuta.

Awon ido

Ƙarfe yana fara yin ja a cikin duhu idan zafinsa ya kai wajen digiri 525 na Salsiyos, abin da masanin kimiyya John Draper ya bayyana a 1847. Wajen digiri 800 yakan yi ja jawur, daga nan ya koma ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa a wajen 1100. Idan ya haura 1300 sai ya yi fari fat, ya shiga tartsatsi, ya ƙone ke nan. Shi ya sa maƙera ke aiki a rumfa mai inuwa, domin a hasken rana jan ba ya fitowa sosai, mutum ya zaci ƙarfen bai yi ba alhali ya wuce.

Yaro yana kan zuga-zugi, maƙeri yana juya ƙarfen da awartaki cikin gawayin ƙirya, wanda aka fi so saboda wutarsa na da zafi kuma tana daɗewa. Da launin ya yi masa, sai ya ciro, ya ɗora kan uwar maƙera, a sa masaba. Bayan an tsoma bakin gatari ko lauje cikin ruwa ko baƙin mai, akan goga masa magagari: in ya zame bai ci ba, bakin ya yi tauri. Tsaga kuwa kunne ke gano ta, don ƙarfen da ya tsage ba ya amo idan aka ƙwanƙwasa shi. Tun da aka bar narka tama aka koma ga sifirin mota da sauran tsoffin ƙarafa, waɗannan gwaje-gwaje sun ƙara muhimmanci, domin kowane guntu da irin halinsa. Akwai kuma gwajin maganaɗisu, wanda ke daina kama ƙarfe a wajen digiri 770.

Tarihi

An samu alamun tsohuwar narkar tama a Termit, gabashin Nijar, amma masana ba su daidaita kan shekarunta ba.

A Ingila, wajen 1782, mai tukwane Josiah Wedgwood ya riƙa auna zafin wuta da yadda guntun yumɓu ke ƙanƙancewa. Masanin kimiyya Thomas Seebeck ya gano a 1821 cewa wayoyi biyu na ƙarafa dabam-dabam, idan aka haɗa bakinsu aka ɗumama mahaɗin, suna fitar da ƴar wutar lantarki gwargwadon zafin. Bafaranshe Henri Le Chatelier ya mayar da wannan abin awo na ainihi a wajen 1886. Buƙatar auna zafi ta ƙaru bayan zuwan gudumar tururi, wato babbar gudumar da ƙarfin tururi ke ɗagawa, a wajen 1840, wadda ake jayayya kan wanda ya fara ta tsakanin injiniyoyi James Nasmyth da François Bourdon. Ta Le Creusot a Faransa, wadda aka gama a 1877, nauyin kan da ke bugun ya kai tan 100. Kuskuren ido a irin wannan aiki asara ce babba.

A 1900 Johan Brinell na Suwidin ya fito da gwajin tauri: a danna ƙwallon ƙarfe mai milimita 10 da nauyin kilo 3000, a auna faɗin ramin da ya bari. Kusan shi ne gwajin magagari, sai dai yana ba da lamba da za a rubuta.

A masana'antu

Ana buga ƙarfe da zafi tsakanin digiri 950 da 1250. Na'urar hangen zafi tana karanta hasken da ke fita daga jikinsa ba tare da ta taɓa shi ba, amma ɓawon da wuta ke yi wa ƙarfe yakan ruɗe ta, ta nuna ƙasa da gaskiya. A jikin injin matsa ana manna siraran wayoyi, ƙirƙirar 1938, waɗanda ke nuna nauyin kowane bugu. Idan nauyin ya tashi fiye da yadda aka saba, sau da yawa ƙarfen ya huce ne ko ya yi yawa.

Bayan ya huce ana auna girmansa, sannan a aika sauti mai tsananin kaifi cikinsa, amsa-kuwwar da ta dawo ta nuna inda tsaga take.