Waiwaye: Wa Ke Riƙe da Kwantena a Tasha?

Muhawarar da ake ta yi a ƙasashe masu tasowa kan jinkirin sallamar kaya a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki ta koma tambaya ɗaya: wa zai ja ragamar gyaran? Wasu sun ce ma'aikatar ciniki, tunda ita ke zuwa teburin yarjejeniya. Wasu sun ce ma'aikatar kuɗi, tunda kwastan a ƙarƙashinta yake. Wasu kuma sun gaji da su duka, suna so a kai maganar ofishin shugaban gwamnati a huta. 'Yan kasuwa ba ruwansu da wanda zai hau kujerar, su dai a sake musu kaya. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka matsalar ta ɓullo ne bayan yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, ta fara aiki a 2017, ko bayan annobar korona ta cunkushe tashoshi. Alhali ta girmi yawancin jami'an da ke zaman kwamitocin yau.

Tarihin da aka saba bayarwa gajere ne. A 1947 ƙasashe 23 suka sa hannu kan yarjejeniyar GATT, wato babbar yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki, a Janiba, kuma tun a lokacin akwai sashe na 5 kan wucewar kaya ta cikin ƙasa zuwa wata, da sashe na 8 kan kuɗaɗe da takardun kan iyaka, da sashe na 10 da ya ce a wallafa dokoki kowa ya gani. A 1973 aka ƙulla yarjejeniyar Kiyoto don sauƙaƙa ayyukan kwastan, aka sabunta ta a 1999. A 1974 hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawarar kafa kwamitin ƙasa da zai haɗa gwamnati da 'yan kasuwa kan rage takardu. Batun ya shiga ajandar WTO a taron Singafo na 1996, ya kusa nutsewa da taron Kankun da ya watse a 2003, aka tsamo shi a Yulin 2004, aka kammala a Bali a Disambar 2013. Ranar 22 ga Fabrairun 2017, da Ruwanda da Oman da Chadi da Jodan suka miƙa takardun amincewarsu, aka cika kashi biyu bisa uku na mambobi, yarjejeniyar ta zama doka.

Duk wannan labarin ɗakunan taro ne. Abin da ya faru a cikin gidan gwamnati, daga 1982 zuwa ƙarshen shekarun 1990, shi ake tsallakewa, kuma a ganina a nan gizo ke saƙar.

A Agustan 1982 Meziko ta sanar cewa ba za ta iya biyan bashin da ake bin ta ba. Rikicin ya bazu a Latin Amurka da Afirka, farashin kayan da ƙasashe matalauta ke fitarwa ya faɗi, baitulmali ya bushe. Gwamnatin da ke neman kuɗi ido rufe, ba ta da rajistar masu biyan haraji ta kirki, ina za ta dosa? Kan iyaka. A nan ne kaɗai dukiya ke taruwa wuri ɗaya, a bayan shinge, ba ta motsi sai an buga hatimi. Da ma kuɗin fito na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin irin waɗannan ƙasashe. Sai aka mayar da hankali kan kwastan, amma da tambaya ɗaya tak: nawa ka tara? A 1985 Indunusiya ta miƙa binciken kayan da ake shigowa da su ga wani kamfanin Suwizalan, ana duba su tun daga ƙasar da suka taso, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Wasu suka ciro kwastan daga cikin ma'aikatar kuɗi suka haɗa shi da sashen haraji a hukuma mai ɗan cin gashin kai: Uganda a 1991, Zambiya a 1994, Kenya a 1995, Tanzaniya a 1996, Afirka ta Kudu a 1997. Aka gyara albashi, aka sa adadin da za a tara kowace shekara, aka kawo kwamfuta. Manhajar kwastan ta ASYCUDA, wadda UNCTAD, hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara ginawa a farkon shekarun 1980, yau tana aiki a ƙasashe da yankuna kimanin 100.

Ba abin kushe ba ne wannan. Kuɗi sun shigo, kuma a ƙasashe da yawa kwastan ya zama ofishin da ya fi kowane tsari a bakin iyaka. Sai dai shi kaɗai aka gyara.

Sauran ofisoshin da ke da ta cewa kan kaya, wato na lafiya, da na noma da dabbobi, da na ingancin kayayyaki, da na magunguna, da na muhalli, hanyarsu daban ta kasance. A daidai shekarun da ake yanke musu kasafi, aikinsu ƙaruwa yake yi. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa dole a sa ido kan sinadaran da ke lalata sararin samaniya. Ta Basil ta 1989 ta kawo izinin safarar shara mai guba. A 1995, da aka kafa WTO, yarjejeniyoyi biyu suka tabbatar wa kowace ƙasa haƙƙin kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai da kuma sa ƙa'idojin inganci. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 batun tsaro ya hau kai. Kowane sabon nauyi na buƙatar ma'aikata da ɗakin gwaje-gwaje da mota, baitulmali kuwa ba shi da su. Mafitar da aka samu a wurare da yawa ita ce a bar ofis ya caji kuɗi kan izinin da yake bayarwa da binciken da yake yi, ya riƙe wani kaso ya gudanar da kansa.

A takarda wannan dabara ce ta tsimin kuɗi, kuma sashe na 8 na GATT ya yarda da ita muddin abin da ake caja bai wuce kimanin abin da aikin ya ci ba. Amma a duba abin da ta haifar. Takardar izini ta tashi daga matakin kariya kawai, ta zama abin da ake biyan alawus da man janareta da shi. Ofishin da ya rage bincike ya rage wa kansa kuɗi. Wanda ya yarda wani ya duba kaya a madadinsa ya sallama abincin ma'aikatansa. Kuma kowanne yana da dokarsa da majalisa ta yi, mai ba shi ikon tsare kaya har sai ya gamsu, ba tare da ta ambaci sauran ba. Ba wanda ya zauna ya tsara a yi haka. Doka-doka aka yi su, shekara-shekara, kowace don amsa wata matsala ta gaske, har bakin iyaka ya cika.

A ɗauki kwantena guda cike da injinan ban ruwa, a ɗaure kan katakan dakon kaya. Ejan mai fito da kaya ya shigar da bayanai ta intanet tun jirgi bai iso ba, ya biya kuɗin fito, kwamfutar kwastan ta ba shi layin kore, wato izinin wucewa ba tare da bincike ba, cikin sa'o'i. A lissafin kwastan an gama. Amma jami'in kula da tsirrai na son ganin tambarin da ke nuna an gasa katakan ko an yi musu feshi, kamar yadda ƙa'idar duniya ta 2002 ta tanada don kada ƙwari su tsallaka. Jami'in inganci na son inji ɗaya ya kai ɗakin gwaji. Ba rana ɗaya suke zuwa ba, ba kuma takarda iri ɗaya suke karɓa ba. Kowane zuwa sai an nemi injin ɗaga kaya ya sauko da kwantenar daga kan 'yan'uwanta, a fasa hatimi, a buɗe, a rufe, a mayar, kuma kowace ɗagawa da kuɗinta. Ejan na zagaye da fayil a hammata, nan a ce masa mai sa hannu ya fita, can a ce sabis ya ɗauke, a dawo gobe. Kwanakin kyauta na ƙarewa, kuɗin kwana na kamfanin jirgi ya fara hawa, da dala. Idan aka tambayi kowane ofis shi kaɗai, zai nuna cewa ya yi aikinsa cikin wa'adin da dokarsa ta ba shi, kuma gaskiya ya faɗa. Jimillar kwanakin ce ba ta da mai ita.

Wani binciken Bankin Duniya na 2012 ya gano cewa a tashoshin Afirka kudu da Sahara, in aka cire tashar Daban ta Afirka ta Kudu, kaya kan yi kimanin kwana 20, alhali a manyan tashoshin duniya kwana 3 ne zuwa 4. Binciken ya ƙara da wani abu da 'yan kasuwa ba sa son ji: wasu masu shigo da kaya da kansu ke barin su a tasha, domin ajiyar can ta fi ta waje sauƙi, ko kuma sai sun sami mai saye za su biya fito. Ke nan jinkirin ya yi daɗewar da har wasu sun gina sana'a a kansa, a ciki da wajen gwamnati.

Ana yawan kawo misalin Singafo, wadda ta buɗe tsarin TradeNet a Janairun 1989, inda ɗan kasuwa ke cike takarda ɗaya ta isa ga dukkan ofisoshi, amsar da ke cin kwanaki ta dawo mintoci. Abin da ake kwaikwaya daga can shi ne kwamfutar. Abin da ya riga kwamfutar kuwa, wato zaman da aka yi bayan koma-bayan tattalin arziki na 1985 har ofisoshi suka yarda da fom guda, shi ne mai wuyar. Inda aka sayi manhaja ba a yi wannan zaman ba, abin da ake samu taga ɗaya ce a gaba, tsoffin ƙofofin duka suna nan a bayanta. Haka labarin Chirundu, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda a Disambar 2009 aka buɗe iyakar farko a Afirka da direba zai tsaya sau ɗaya maimakon biyu. Kafin ginin ya yi amfani, sai da kowace ƙasa ta yi dokar da ta ba jami'an maƙwabciyarta damar aiki a cikin ƙasarta.

Da wannan gado aka shiga tattaunawar 2004. Ƙasashe masu tasowa sun ci wata nasara a lokacin: ba za a tilasta musu abin da ba su da ƙarfin yi ba, sai an tallafa. Daga nan aka samo rukuni uku, A da B da C. Abin da ƙasa za ta aiwatar nan take, da wanda take neman lokaci, da wanda take neman lokaci da taimako, kuma ita ce za ta rarraba da kanta. To wa zai rarraba? Ma'aikatar ciniki ce za ta aika wa WTO amsa, amma ba ta da ko jami'i ɗaya a bakin tasha. Dole aka tara kowa a ɗaki guda don tantance buƙatu, kuma a ƙasashe da dama wannan ne karon farko da mai duba tsirrai da jami'in kwastan da ejan suka ji abin da kowannensu ke nema daga ɗan kasuwa ɗaya.

Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta WTO ta yi ƙoƙarin ɗorar da wannan zama. Sashenta na 8 ya ce ofisoshin kan iyaka su haɗa kai. Sashe na 23, sakin layi na 2, ya ce kowace ƙasa ta kafa kwamitin ƙasa, ko ta ayyana wanda take da shi, don daidaita aiki a cikin gida. Jimla ɗaya ce tak. Ba ta ce wa zai shugabanta ba, ba ta ce daga ina kuɗinsa zai fito ba, ba ta ce ko shawararsa na hawa kan ofisoshi ba. Da gangan aka bar ta haka, domin ba hurumin wata ƙungiyar duniya ba ne ta tsara wa ƙasa ma'aikatunta. Amma ragin kashi 14.3 cikin 100 na tsadar ciniki da WTO ta yi hasashe a rahotonta na 2015 ya dogara ne kan cikakken aiwatarwa, kuma mafi yawan abin da ya rage a aiwatar ba a hannun kwastan kaɗai yake ba.

Shi ya sa nake ganin gardamar wa zai hau kujera ta kauce wa inda ciwon yake. An kafa kwamitocin, ana zama, masu tallafi daga waje na biyan kuɗin bita da na ƙwararru, wani lokaci kowane mai tallafi da ofishin da ya ɗauka da manhajar da ya kawo, sai a ƙara tsagewar da aka zo ɗinkewa. Taimakon da ke tsinana wani abu ba shi da armashin ƙaddamarwa: sakatariya mai ma'aikata na dindindin da layinta a kasafin ƙasa, da auna lokacin sallamar kaya da ma'aunin Hukumar Kwastan ta Duniya a faɗaɗa shi ya haɗa kowane ofis, a wallafa kwanakin kowa da sunansa, da lauyoyin da za su jera dokokin nan gefe da gefe su ga inda suka hau kan juna.

Ko da an yi duk wannan, akwai wurin da zaman ke cijewa. Ana zuwa kan shawarar soke wani izini, ko barin ofis ɗaya ya duba kaya a madadin uku, sai wakilin ofishin da abin ya shafa ya ɗaga hannu ya tambayi wa zai cike masa giɓin kuɗin ɗakin gwajinsa. Tambaya ce ta gaskiya, tsarin shekarun 1980 ne ya sa ta a bakinsa, kuma shugaban kwamiti, ko daga wace ma'aikata ya fito, ba shi da amsarta. Mai amsar yana sashen tsara kasafi, wanda sau da yawa ba ya ma cikin jerin waɗanda ake gayyata.