Na janye ƙarata, wa zai biya kuɗin ɗawainiya?

Na gaji da maimaita amsoshin nan, don haka ga su wuri ɗaya. Maganar Babbar Kotu nake yi a Najeriya: bashi, fili, kwangila. Kotun shari'ar Musulunci tsarinta daban.

In na janye, ni zan biya?

Kai mana. Kai ka ja mutum kotu, ya ɗauki lauya, ya yi ta zarya, sannan ka ce ka fasa.

Ai ba a yanke hukunci ba?

Ba a yanke ba, amma kuɗinsa sun fita.

Kuɗin da na biya wajen shigar da ƙara fa?

Sun tafi. Kada ka je ka dami rajistara.

Ya biya ni bashin bayan sammaci ya same shi, shi ya sa zan janye. Ni zan biya shi kuma?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. A ƙa'idojin Babbar Kotun Legas da na Abuja, mai ƙara na iya janyewa da takarda kawai tun shari'a ba ta yi nisa ba, amma kuɗin ɗawainiyar wanda aka kai ƙara suna wuyansa. In ta wuce nan, sai da izinin alƙali, shi kuma yana iya gindaya sharuɗɗa. To, kuɗin ɗawainiya abu ne da aka bar wa alƙali ya duba ya auna. Idan lauyanka ya nuna cewa sai da ka kai ƙara mutumin ya biya, mai yiwuwa alƙali ya ce kowa ya ɗauki nasa. Mai yiwuwa, na ce. Kowace jiha da ƙa'idojinta, kuma abin da ke rubuce a fayil shi ne zai yi magana, ba labarin da ka ba ni ba.

Don Allah kada ka janye a kan alkawarin baki, wai dattawan unguwa sun sa baki an daidaita. Sulhu alheri ne, amma ku rubuta shi, ku sa hannu, ku faɗi ƙarara wa zai biya me, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Mutane da yawa nan suke cutar kansu.

Nawa za a ce in biya?

Abin da alƙali ya yanka. Sau da yawa bai kai abin da ɗaya ɓangaren ya ba lauyansa ba, ka kwantar da hankalinka.

Zan iya dawo da ƙarar daga baya?

Ya danganta da lokacin da ka janye. In da wuri ne, cire ta ake yi daga jerin shari'u, ƙofa na buɗe. In kowa ya riga ya shigar da takardunsa an ja daga, ana iya korar ta gaba ɗaya, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Eronini da Ihuko a 1989. Ko an bar maka ƙofa, in ba ka biya kuɗin ɗawainiyar ƙarar farko ba, alƙali na iya dakatar da sabuwar ƙarar sai ka biya.

Shi ma ya shigar da tasa ƙarar a kaina cikin wannan shari'ar. Ta mutu?

Ba ta mutu ba. Taka ka janye, tasa tana nan, kuma dole ka zo ka kare kanka.