Waiwaye: Yadda kwazazzaban Zariya suka shiga littattafan ilimin tsuntsaye

Wanda ya saba bin gefen rafin Kubanni a Zariya da rani zai iya tuna wasu ƙananan ramuka a jere a jikin gaɓa, kamar an bi da tsinke an huhhuda. Yara kan ce gidan maciji ne. Sau da yawa kuwa gidan wani ɗan tsuntsu ne kore, mai jan maƙogwaro da baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli, wanda abincinsa ƙudan zuma ne da sauran ƙwari masu tashi. A kan wannan tsuntsu wani malamin jami'a ya yi suna, kuma daga nan Zariya ya fara.

Sunansa Hilary Fry, mutumin Ingila. Ya koyar da ilimin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, lokacin jami'ar tana jaririya, don a 1962 aka buɗe ta. Aikin nasa na haƙuri ne: a kafa raga, a kama tsuntsu, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi, sannan a zauna a bakin kwazazzabo ana lura da wa ya shiga wane rami.

Zaman ya biya. Tsuntsayen kan haƙa ramin ne da ɗaukewar damina, tun ƙasa na da taushi, amma sai rani ya yi suke saka ƙwai. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a wasu ramukan ba uwa da uba kaɗai ke kai wa 'ya'ya abinci ba, akwai na uku, wani lokaci har fiye, da ke taya su reno. Bahaushe da ya tashi a gidan gandu ba zai ga abin mamaki ba, wa ya goyi ƙane ai ba labari ba ne. Amma masanan Turai da tsuntsayen ƙasashen sanyi suka saba, inda irin wannan taimakekeniya ba ta da yawa. A 1972 Fry ya buga maƙala a mujallar Ibis yana nuna cewa renon taron dangi ya fi yaɗuwa a tsuntsayen ƙasashen zafi fiye da yadda ake zato. Tun kafin nan, a 1969, ya bayyana yadda tsuntsun ke yi da ƙudan zuma: ya buga kan ƙudan a reshe, ya goga gindin ƙudan har dafin ya fita, sannan ya haɗiye.

Bai tsaya a kwazazzabo ba. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland a gaba, Fry kuma ya riƙe editan mujallarta. Mujallar ce a 1979 ta koma Malimbus, ta Afirka ta Yamma baki ɗaya. Ya je Malam Fatori a bakin Tafkin Chadi, inda shi da abokan aikinsa suka riƙa auna nauyin tsuntsayen da ke tara kitse kafin su ƙetare Sahara zuwa Turai. A 1973 kuma da shi aka rubuta nazari kan masu ƙaura a cikin Afirka, wato jinsin da shamuwa take ciki, wadda manomi ya daɗe da sanin zuwanta albishir ne na ruwa.

Daga baya ya koma Jami'ar Aberdeen, ya fitar da littafi sukutum kan masu cin ƙudan zuma a 1984, ya kuma shiga cikin editocin The Birds of Africa, mai juzu'i bakwai da aka yi ta bugawa daga 1982 zuwa 2004.

A gida, igiyar ba ta tsinke ba. Augustine Ezealor na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya rubuta babin Nijeriya a kundin muhimman matattaran tsuntsaye na Afirka a 2001, inda aka lissafa wurare 27, har da fadamun Haɗeja da Nguru. Sai dai a gaskiya cibiyar wannan fanni ta koma Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis ke horar da matasa a dajin Amurum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan da Turanci aka rubuta shi. Mai tifa da ke ɗibar yashi a gaɓa, da mai buga bulo, da yaron da ke yawo da danƙo, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa bangon ƙasar da ke gabansu yana cikin littattafan da ake karantawa a jami'o'in duniya. Gaɓa kuwa in aka sare ta da rani, da ƙwan da 'ya'yan ake kwashewa a zuba a mota.