Waiwaye: Yadda Bayanan Jama'a Suka Zama Amana a Wuyan Kamfanoni

Tsoron gwamnati ne ya haifi dokokin kare bayanan sirri, tun kafin a fara zargin 'yan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da hukumomi a Turai suka soma kwashe abin da ke cikin fayil-fayil suna zubawa a manyan kwamfutoci, jama'a suka shiga tambayar wa zai hana a haɗa bayanan haraji da na asibiti da na 'yan sanda wuri guda. Jihar Hesse ta Jamus ce ta fara yin doka a 1970, Suwidin ta bi sahu da dokar ƙasa baki ɗaya a 1973, Faransa kuma ta kafa hukumarta ta kare bayanai, CNIL, a 1978.

Jamusawa, waɗanda ba su manta da yadda aka yi amfani da rajistar jama'a wajen farautar mutane a zamanin Nazi ba, sun kai ƙarar dokar ƙidayar 1983 gaban kotun tsarin mulki, ita kuwa ta yanke hukuncin cewa mutum ne ke da ikon cewa wa zai san bayanansa da abin da za a yi da su. Kafin nan, a 1980, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziƙi da ci gaba, OECD, ta riga ta fitar da ƙa'idoji takwas waɗanda har yau su ne ƙashin bayan yawancin dokokin: kada a tara bayanai ba iyaka, a bayyana dalilin karɓarsu, a tsare su daga hannun da bai dace ba.

Umarnin Tarayyar Turai na 1995 ya ɗora wa kamfanoni waɗannan wajibai, sai dai hukuncin bai taka kara ya karya ba. Da badaƙalar Cambridge Analytica (kamfanin da ya samu bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba) ta fito fili a 2018, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, tarar da hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta iya ci wa Facebook fam 500,000 ce kacal, domin iyakar abin da tsohuwar dokar ta yarda ke nan.

Sabuwar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ɗaga tarar zuwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya a shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma a 2023 hukumar ƙasar Ayalan ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar yuro biliyan 1.2. Amma a ganina babban sauyin shi ne nauyin kawo hujja ya koma kan mai riƙe da bayanan. Dole ya iya nuna dalilin da doka ta amince da shi na karɓar kowane bayani, ya amsa wa mai neman ganin nasa cikin wata guda, ya kuma share su idan buƙatarsu ta ƙare. Idan ma'aikaci ya gano a daren Juma'a cewa an sace kwamfutar da ke ɗauke da sunaye da lambobin asusun abokan ciniki ba tare da kariya ba, awa 72 na sanar da hukuma sun fara gudu, Asabar da Lahadi ma suna cikin lissafi.

Wannan tsari ne ƙasashe da dama suka ɗauka da 'yan gyare-gyare: Brazil a 2018, Kenya a 2019, Najeriya a 2023. Ita kuwa Amurka ta tafi a kan dokokin ɓangare-ɓangare, ta lafiya daban, ta bayanan yara daban, sai jihohi irin su Kalifoniya da suka yi nasu.