Ƙa'idar Zamanantarwa da Gwajinta a Ghana

Ƙa'idar zamanantarwa ra'ayi ne da ya yi tashe a jami'o'in Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tana cewa hanyar ci gaba ɗaya ce, wadda Turai da Amurka suka bi: daga noman gargajiya zuwa masana'antu, birane da ilimin boko. A 1960 masanin tattalin arziki Walt Rostow ya kasa wannan tafiya mataki biyar, na ukunsu shi ne lokacin da tattalin arziki ke tashi kamar jirgin sama.

Ghana, da ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, na cikin wuraren da aka fara gwada irin wannan tunani. Kwame Nkrumah, shugaban ƙasar na farko, ɗan gurguzu ne, amma shi ma ya yi imani da manyan ayyuka. Aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, bayan an tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu. Kaso mai yawa na wutar lantarkin madatsar ya tafi kamfanin narka alminiyam na VALCO, wanda ke shigo da sinadarin da ake narkawa daga waje alhali ƙasar na da ma'adinin. Tun 1953 masanin tattalin arziki Arthur Lewis ya ba da shawarar a fara gyara noma kafin masana'antu. Tattalin arzikin ƙasar kuwa a kan koko ya dogara. Farashinsa ya faɗi warwas a 1965, sojoji kuma suka yi juyin mulki a Fabrairun 1966.

Babban giɓin ƙa'idar a zango, wato unguwannin baƙi a biranen Ghana, ya bayyana. Ta ɗauki fatauci, adashe da sana'ar hannu a matsayin ragowar gargajiya da za su shuɗe. Amma a Nima, cikin Accra, masanin halayyar al'umma Keith Hart ya yi bincike tsakanin 'yan ci-ranin ƙabilar Frafra daga arewacin Ghana, ya ga cewa yawancin mutane suna cin abinci ne ba tare da albashi ko rajistar gwamnati ba. Maƙalarsa ta 1973 ce ta yaɗa batun tattalin arzikin da ba ya cikin littafin hukuma. Fataken goro na zangon Kumasi kuwa sun daɗe suna aika kaya ƙasar Hausa bisa amana. Haka Suwame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, inda dubban yara ke koyon gyaran mota a hannun ubangida.

A 2017 gwamnati ta kafa asusun raya zanguna.